Zafin Ƙasa da Jinsin Abin da Ke Cikin Ƙwai

An gabatar da wannan lacca a garin Bauchi cikin bazara, a gaban ɗaliban aikin gona, masu kiwon kifi da wasu ma'aikatan lafiya. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici da doguwar gaisuwar farko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayenmu mata, ɗalibai, sannunmu da zafi.

Duk wanda ya shigo harabar nan da ƙafa ya wuce ƙadangare a jikin katanga, wataƙila ma jan gwada ne yana gyaɗa kai a rana. Da shi za mu fara, domin a kansa aka fara gano abin da ya tara mu yau. A shekarar 1966 wata masaniyar dabbobi Bafaranshiya, Madeleine Charnier, tana aiki a Jami'ar Dakar ta Senegal, ta tattara ƙwan irin wannan ƙadangaren namu ta ajiye a wurare masu bambancin ɗumi. Ƙwan da ya zauna a digiri 26 zuwa 27 kusan duka mata ya ƙyanƙyashe. Wanda ya zauna a digiri 29 kuwa, maza. Ƙwai iri ɗaya, tazarar digiri biyu kacal. An daɗe ba a waiwayi aikinta ba, amma yau an tabbatar cewa duk kadojin duniya, da mafi yawan kunkuru da kififiya, da wasu ƙadangaru, zafin wurin da ƙwai ya kwanta shi ke raba namiji da mace a cikinsu.

Mu ba haka aka yi mu ba. A cikin kowace ƙwayar jikin ɗan Adam akwai kuromosom 46, wato ƙunshe-ƙunshen da ke ɗauke da gado, biyu daga ciki su ne na jinsi. Mace tana da X biyu, namiji X da Y. Ƙwan uwa kullum X yake ɗauke da shi, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y. A jikin Y akwai wata ƙwayar gado mai suna SRY, wadda aka gano a 1990. Wajen mako na shida zuwa na bakwai da shigar ciki take tashi, ta umarci wani ɗan tsiro a jikin ɗan tayi ya zama maraina. In babu ita, wannan tsiron sai ya zama ma'ajiyar ƙwai. Ku riƙe wannan tsiron a ranku, domin kada ma yana da shi, kifi ma yana da shi. Da farko ba na namiji ba ne, ba na mace ba, yana jiran umarni ne. A wurinmu umarnin daga SRY yake fitowa. A wurin kada daga yashi yake fitowa.

Kuma umarnin yana da lokacinsa. In ka raba kwanakin da ƙwai ke yi kafin ƙyanƙyasa gida uku, kason tsakiya shi ne ƙofar. Zafin da ya zo kafin nan ko bayan nan ba ya juya jinsi.

Akwai wata kififiyar Amurka mai jan zane a gefen kai, ita aka fi yin gwaji da ita: a digiri 26 duka maza, a digiri 32 duka mata. Kunkurun teku mararrabarsa wajen digiri 29 take, sama da haka mata ke rinjaye. Kadan Amurka kuwa a digiri 30 mata, a wajen 33 maza, in zafin ya ƙara haurawa sai mata su sake dawowa. Kifaye da yawa, har da karfasarmu, zafi maza yake jawo musu. Don haka duk wanda ya ce muku a dunƙule "ɗumamar yanayi za ta cika duniya da mata", ku tambaye shi: matan wace dabba?

To yaya zafi, wanda ba ya magana, yake isar da umarni cikin ƙwai? A nan ne ilimin da ake kira efijenetik ya shigo. Wani masani ɗan Ingila, Conrad Waddington, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1942. Duk wanda ya riƙe allo zai gane shi cikin sauƙi. A rubutun ajami, rubuta baƙaƙen kalmar gida ka bar su haka. Sa wa baƙin farko wasali ƙasa, ka sami gida. Sa masa rufu'a, ka sami guda. Sa masa wasali bisa, ka sami gada ta daji. Ba ka goge baƙi ko ɗaya ba, amma karatu ya sauya. DNA baƙaƙe ne guda huɗu, A da T da G da C, a jere. Ƙwayar hantarka da ta idonka baƙaƙensu ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne alamomin da aka ɗora a kai, masu cewa karanta nan, tsallake nan. Waɗannan alamomin nake kira wasalin gado.

Iri biyu ne suka shafe mu. Na farko, wani ɗan ƙaramin sinadari ne mai suna metil, kabon ɗaya da haidirojin uku, ana liƙa shi a kan baƙin C a inda G ke biye da shi. In metil ya taru a bakin ƙofar wata ƙwayar gado, galibi ƙofar rufewa take yi. Na biyu, tsawon DNA ɗin ƙwaya guda ya kai kusan mita 2, don haka a naɗe yake jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin mazari. Su ma histon ana ɗora musu alama. Wata alamar tana sa naɗin ya tamke har karatu ya gagara, wata tana sassauta shi. Akwai enzayim masu ɗora alama, akwai masu gogewa, kuma aikinsu yana jin zafi, yana jin abinci, yana jin wahala.

Bari mu bi abin daki-daki a jikin kififiyar nan, domin a kanta aka fi warware shi. A 2018 masana daga Jami'ar Zhejiang Wanli ta Sin da Jami'ar Duke ta Amurka, cikinsu har da Farfesa Blanche Capel, suka nuna cewa a digiri 26 wani enzayim mai gogewa, Kdm6b, yana aiki sosai a cikin tsiron nan. Aikinsa shi ne goge alamar rufewa daga histon ɗin da ke bakin wata ƙwayar gado mai suna Dmrt1. Da zarar Dmrt1 ta buɗe, tsiro ya kama hanyar zama maraina. Don su tabbatar ba haɗuwa ce kawai ba, sai suka danne Kdm6b a ƙwan da ke digiri 26, wanda ya kamata ya ba da maza zalla. Fiye da kashi 80 cikin ɗari suka fito mata. A 2020 aka samo matakin da ke gaban wannan: idan zafi ya hau, sinadarin kalsiyam yana kwarara cikin ƙwayoyin tsiron, ya tayar da wani furotin mai suna STAT3, shi kuma ya je ya zauna a kan Kdm6b ya hana ta aiki. Alamar rufewa ta tsaya inda take, Dmrt1 ba ta buɗe ba, sai a sami mace.

A kifi kuma ƙofar da aka fi sa wa ido ita ce ta aromates, enzayim ɗin da ke juya homon ɗin maza, wato sinadarin jiki mai fito da siffar maza, ya koma na mata. A 2011 ƙungiyar Francesc Piferrer a Basalona ta Sifen ta yi aiki a kan wani kifin teku da ake kiwo a Turai, wanda masu kiwonsa suka daɗe suna kukan maza sun yi musu yawa. Suka gano metil ɗin da ke bakin ƙofar aromates a jikin maza ya ninka na mata, kuma renon 'ya'yan kifin a ruwa mai ɗumi yana ƙara tara metil a wurin. Ƙofa ta rufe, homon ɗin mata ya yi ƙaranci, kifin da zai zama mace ya zama namiji.

Yanzu ga namu. Masu kiwon kifi, wannan ɓangaren naku ne, ku buɗe littafi. Karfasa, wadda masunta ke fitarwa daga madatsar Dadin Kowa da ta Gubi, tana da X da Y kamar mu. Amma zafi yana iya take wannan umarnin. Tun 1995 aka nuna cewa idan aka sa 'ya'yan karfasa a ruwan da ya wuce digiri 32, musamman wajen 36, daga kwana na goma bayan ƙwai ya haɗu da maniyyi, aka riƙe su haka kwana goma, da yawa daga masu XX za su girma a matsayin maza cikakku, masu iya barbara. Kwana na goman nan shi ne daidai lokacin da jakar kwanduwar da ke rataye a cikinsu ta ƙare, suka fara neman abinci da kansu. In ka makara da mako biyu, ƙofa ta rufe, wutarka kawai za ka ƙona.

Me ya sa mai kiwo zai so maza? Namijin karfasa ya fi saurin girma, kuma in ka haɗa maza da mata a tafki ɗaya za su cika maka shi da ƙanana, abinci ya ƙare a bakinsu. Hanyar da aka saba ita ce homon ɗin metiltestosteron, miligiram 60 a kowane kilo na abinci, na kwana 21 zuwa 28. Hanyar zafi ba ta buƙatar magani, amma tana da inda take ɓaci, kuma wurare huɗu ne.

Na farko iska. Ruwa a digiri 25 yana riƙe iskar shaƙa kusan miligiram 8 a lita, a digiri 35 bai fi 7 ba, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatarta. Dole injin hura iska ya kwana yana aiki, kuma a riƙa zuƙe ragowar abinci, domin dafin amoniya yana ƙaruwa da zafi. Na biyu, hawan zafin. Kada ka ɗebo su daga digiri 28 ka juye a 36. A ɗaga a hankali cikin sa'o'i da yawa. Kuma tsakanin 36 da mutuwa ba nisa, ma'aunin zafinka in yana kuskuren digiri ɗaya ko biyu zai kashe maka kifi. Na uku, ɗaukewar wuta. In hita ta mutu da dare ruwan ya sauka 29, wannan daren bai shiga lissafi ba. Na huɗu shi ne wanda ya fi cin mutane. Namijin da zafi ya yi, a cikinsa har yanzu XX ne. Ba shi da Y da zai bayar. In ka zaɓe shi don girmansa ka sa shi cikin iyayen kifi, duk 'ya'yansa XX ne, kuma a ruwa mai matsakaicin ɗumi kusan duka mata za su fito. Mai gona ya zauna yana zargin abinci ko wanda ya sayar masa da iri, alhali uban da ya zaɓa ne. Kifin da ya bi ta zafi na kasuwa ne, a raba tankinsa da na iyaye.

Iyalan karfasa ma ba ɗaya suke ba. Wata uwar 'ya'yanta su haura kashi 90 maza, wata ko gezau, kuma wannan halin ana gadonsa. Ga yadda za ka gwada naka. Ɗebo 'ya'yan uwa ɗaya, ka ƙirga 400, ka raba biyu, 200 a digiri 28, 200 a digiri 36. Rubuta duk wanda ya mutu kullum. In sun kai giram 30 ka duba ɗan tsiron da ke bayan duburarsu: na namiji ƙofa ɗaya, na mace biyu. A matsayin misali, a ce a tankin zafi 180 suka rayu, 150 maza. Tun asali masu XY ba za su wuce kusan 100 ba, ka ga kusan 50 juyawa suka yi. Amma in 110 suka rayu, 95 maza, ba ka juya komai ba, mata ka kashe. Ina roƙon ɗalibai su riƙe wannan bambancin, tsakanin juyawar jinsi da mutuwar jinsi ɗaya, domin za mu sake cin karo da shi in mun zo kan ɗan Adam.

Abin ba a tanki kaɗai ya tsaya ba. A Burkina Faso an kama karfasar daji a tafkin Kou aka auna, aka sami maza masu XX. Ƙananan karfasa kuwa bakin gaɓa suke taruwa, inda ruwa bai kai gwiwa ba, inda rana ta fi dafa shi.

Wani lokacin wasalin yana tsallakawa zuwa 'ya'ya. A Sin akwai wani faffaɗan kifin teku da ake kiwo, wanda ruwan digiri 28 ke mayar da matansa maza. A 2014 aka nuna cewa metil ɗin jikinsu ya koma irin na maza na asali, kuma 'ya'yansu da ya kamata su zama mata, mafi yawansu maza suka zama ko da an rene su a ruwa mai sanyi. Zafi ya taɓa uba, ɗa ya gaji alamar. A Ostareliya kuma akwai ƙadangare mai gemu, wanda ƙwan namijinsa ke fitowa mace in zafi ya wuce digiri 32. A 2015 aka same su haka a daji, kuma da aka haɗa irin waɗannan matan da maza, zuriyar ta rasa kuromosom ɗin da ke sa a zama mace gaba ɗaya, jinsinta ya koma hannun zafi kacokan.

Ku ɗora wannan a kan halin da duniya ke ciki. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsakanin 2011 da 2020 zafin duniya ya ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da kusan digiri 1.1. Shekarar 2024 ta kai kusan 1.5. A Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya ga digiri 48.5. Mutum zai ce digiri ɗaya da rabi me zai yi? Ku tuna tazarar da ke tsakanin jan gwada da matarsa digiri biyu ce. An riga an ga sakamakon. A 2018 aka auna korayen kunkurun teku da aka ƙyanƙyashe a arewacin babban murjanin Ostareliya: cikin ƙanana fiye da kashi 99 mata ne, cikin manya kusan kashi 87. Kunkurun nan yana shekaru da dama kafin ya balaga, don haka gaɓa za ta ci gaba da cika da mata masu zuwa saka ƙwai, mai kallo ya ɗauka lafiya lau, sai ranar da tsofaffin mazan suka ƙare.

Mu dawo Yankari, inda kadoji ke kwance a bakin kogin Gaji. Duk wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki ya san ɗuminsa, digiri 31 ne rani da damina. To mararrabar namiji da mace a ƙwan kada tana nan kusa da wannan ɗumin da ka ji a fatarka. Macen kada tana tona rami a yashi da rani, ta zuba ƙwai gommai, ta rufe, ta yi gadi kusan wata uku. Na saman ramin sun fi na ƙasa zafi, na tsakiya kuma ɗumin jikin 'yan uwansu yana ƙara musu, don haka rami ɗaya yana iya ba da maza da mata. Abin da ke daidaita wannan shi ne inuwa, zurfi, da damshin yashi. A ganina gatari ya fi hayaƙin masana'antu saurin sauya zafin ramin kada. Ɗumamar duniya tana hawa ne cikin shekaru gommai, amma itacen bakin rafi in an sare shi don gawayi, gobe da rana yashin da ke ƙarƙashinsa ya sauya. Haka ɗibar yashi, haka jinkirin ruwan farko.

Ɗalibin da ke neman aikin bincike na kammala karatu, ga aiki mai araha. Akwai ƙananan na'urori masu naɗar zafi, girmansu bai fi maɓallin riga babba ba. A saita su su riƙa ɗauka duk awa ɗaya. Kafin a binne su a tsoma su duka cikin ruwan ƙanƙara, wanda bai nuna sifili ba a rubuta kuskurensa, domin rabin digiri a wannan aikin ba ƙaramin abu ba ne. A binne a zurfi uku, santimita 10 da 30 da 50, wasu a inuwa wasu a fili. Kada a yi wannan sai tare da ma'aikatan gandun, kuma ba a bakin ramin da uwa ke gadi ba. Wajen lissafi kada a tsaya ga matsakaicin zafin yini, saboda ɗan tayi ya fi girma a sa'o'in zafi, don haka azahar ta fi asuba nauyi. In ta kama a ɗaga ƙwai saboda ambaliya, a yi wa samansa alama da fensir a ɗauke shi yadda yake. Ɗan tayin yana manne a saman ɓawo, in aka juya ƙwan ya mutu. Wanda kuma zai auna metil, daga tsiron jinsin zai yanko nama. DNA ɗin da ke fiffiken kifi baƙaƙensa ɗaya da na maraina, amma wasalinsa daban.

Saura mu. Na san wasu na cewa a ransu abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A nan karin maganar bai hau ba. Ɗan tayin mutum yana kwance a cikin jikin da ke riƙe digiri 37, ko a hunturun Jos ko a bazarar Azare. Babu hujjar cewa zafin gari yana mayar da ɗan tayi namiji ya zama mace, ko mace ta zama namiji. Mu ma wasali yana da hannu a jinsinmu, wannan gaskiya ne. A 2013 masana a Japan suka cire wa ɓeraye wani enzayim mai goge alama daga bakin SRY, wasu masu XY suka fito mata. A 2025 suka nuna cewa enzayim ɗin sai da sinadarin ƙarfe yake aiki, kuma da suka tsananta wa uwar ɓera rashinsa, 'yan kaɗan daga 'ya'yanta masu XY suka fito da ma'ajiyar ƙwai. Amma wannan ɓera ne a ɗakin gwaji, cikin matsin da aka ƙirƙira da gangan.

Inda yanayi ke taɓa adadin maza da mata a cikinmu shi ne ta hanyar ɓari. A duniya ana haihuwar maza kusan 105 a kan kowace mace 100, a Afirka kudu da Sahara ya ɗan gaza haka. Wani babban bincike na 2015 ya nuna cewa a lokacin shigar ciki adadin daidai yake, bambancin yana fitowa ne daga waɗanda suka zube a hanya. A Japan, bayan matsanancin zafin 2010, mutuwar 'yan tayi ta ƙaru, kuma wata tara bayan nan kason maza cikin jarirai ya ragu. A ƙasashen arewacin Turai, bayanan haihuwa na 1878 zuwa 1914 sun nuna shekarun tsananin sanyi ne suka rage maza. Zafi a can, sanyi a nan, abin da ya haɗa su wahalar uwa ce. Sauyin ɗan kaɗan ne, sai an tara haihuwa dubu ɗaruruwa ake ganinsa. Lissafin tankin nan ne na biyu, wato mutuwar jinsi ɗaya, kuma kowane ɗigo a cikinsa cikin wata mata ne da ya zube.

Yanayi yana barin wasali a jikin mutum, wannan kam an gani, kuma a yankinmu aka gani. A ƙauyukan Kiang ta Yamma a Gambiya, inda damina ce lokacin yunwa da aikin gona, an gano yaran da aka ɗauki cikinsu da damina suna da metil fiye da na rani a wasu ƙwayoyin gado, kuma hakan na da alaƙa da sinadaran abinci da ke jinin uwa lokacin shigar ciki. A Holan, waɗanda aka ɗauki cikinsu a yunwar 1944 zuwa 1945, bayan shekara sittin alamar tana nan a jikinsu. A Gambiyar dai, a 2022, an bi mata 92 masu juna biyu zuwa gonakinsu, aka ga in zafi ya tsananta bugun zuciyar ɗan tayi yana hawa, jinin da ke isa gare shi ta cibiya yana raguwa.

Ina so mazan da ke ɗakin nan su ji wannan da kyau. Matar da ta haifi 'ya'ya mata biyar a jere ba ta yi laifin komai ba, ba abincinta ba ne, ba zafin ɗakinta ba ne. Ƙwanta X kaɗai yake da shi. Allah ke ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, kuma sababin da Ya sanya yana ɓangaren uba. Gorin da ake yi wa irin waɗannan matan zalunci ne.

Daga nan aka ba da damar tambayoyi. Wani dattijo mai kiwon kaji ya ce, Malam, in na rage zafin injin ƙyanƙyasa zan fi samun kaji mata?

A'a, Alhaji, kada ka taɓa shi. Jinsin ɗan tsako ya riga ya tabbata tun kafin a saka ƙwan, kuma a tsuntsaye daga uwa yake fitowa. Bar injinka tsakanin digiri 37.5 da 37.8 har kwana 21. In ka rage ko ka ƙara, ƙyanƙyasa za ta yi jinkiri ko ta yi gaggawa, 'yan tsaki su fito da cibiya a buɗe ko ƙafa a karkace, wasu su mutu a ɓawo.

Wata ungozoma daga cikin mahalarta ta ce, to mu da muke tare da masu ciki a wannan bazarar, me za mu faɗa musu?

Hajiya, kin fi ni sanin matan, amma ga abin da binciken ya nuna. Aiki mai nauyi, ɗiban ruwa, surfe, noma, a mayar da shi sassafe ko bayan la'asar. Tsakanin sha biyu da ƙarfe huɗu mai ciki ta kasance a inuwa mai iska, ba cikin ɗakin kwano a rufe ba, kuma ba a bakin murhu ba. Ta riƙa shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ta, ta duba fitsarinta, in ya yi duhu ruwan bai isa ba. Ta fara awo da wuri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau takwas kafin haihuwa. Ƙwayar ƙarin jini kullum, mai miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da 0.4 na folik asid, kuma kada ta haɗiye ta da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotse ƙarfen. Zazzaɓi a jikin mai ciki ba a kwana da shi, shi ne ke iya ɗaga zafin cikin jiki sama da 37 ɗin nan, a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar. In ta ji jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko motsin yaro ya ragu, ko ta ga jini, a tafi asibiti a lokacin. Ku kuma a ɗakin haihuwa, ku riƙa rubuta jinsin kowane jariri da ranarsa, har wanda ya zo babu rai, domin yawanci shi ake mantawa a rajista.